Filin Malama Hajiya: zazzaɓi a aji, sikila, farfaɗiya da yaron da bulala ta gaza

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke, lafiyar yaran firamare da halayyarsu, wasu daga malamai wasu daga iyaye, shi yasa na tattara su waje guda. Kamar kullum na cire sunaye da sunan makarantu, gari kawai na bari. Kuma ku tuna ni malamar aji ce da daga baya na riƙe makaranta, duk inda kuka ga nace asibiti to asibitin nake nufi.

Daga wata malama a Kano

*Salam Hajiya, dan Allah shawara nake nema. Ina koyarwa a aji biyu makarantar gwamnati, yara sun haura tamanin kuma ni kaɗai ce. Kusan kullum sai an samu wanda jikinshi yayi zafi ya kifa kai a benci, ni kuma bana rabo da Panadol a jaka sai in ɓalla rabi in bashi. Rannan wata uwa tazo tayi min tatas a gaban yara wai wa ya bani izinin bawa ɗanta magani, wallahi sai da nayi kuka. In daina ne in zuba musu ido ko yaya zanyi?*

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Uwar nan bata kyauta ba da ta yi miki a gaban yara, amma in kika cire faɗan akwai gaskiya a maganarta. Baki san ko an bashi magani a gida kafin ya fito ba, kuma da yawa ana basu ɗin, uwa zata ga jiki da ɗumi ta bashi da safe ta ce je ka dai, ke kuma ƙarfe goma ki ƙara masa. Farasitamol, wato Panadol ɗin, da nauyin yaro ake auna shi, ba da ido ba, ana so a samu tazarar awa 4 zuwa 6 tsakani, in yayi yawa hanta yake taɓawa. Asfirin kuwa kar ma ki kusanto da shi wajen yaro. Sannan abu na biyu, in zafin ya sauka sai yaro ya tashi yana wasa, a tashi makaranta ya koma gida ba wanda ya san komai, alhali ciwon na nan yana cinsa.

Abin da zan baki shawara shine ki sayi littafi ɗaya mai kauri, farkon zango ki rubuta sunan kowane yaro, unguwarsu, lambar waya guda biyu (ta uwa ko uba da ta wani maƙwabci ko kawu, don wayar mutanenmu kullum ba caji), da ciwon da aka san yana da shi, asma ne ko sikila ko farfaɗiya, da kuma ko iyaye sun yarda a bashi farasitamol in ta kama. Na san yara tamanin aiki ne, ki ɗauki goma goma kullum, kafin sati biyu kin gama. Ranar da yaro ya kwanta ki rubuta kwanan wata da lokaci da abin da kika gani da wanda kika kira. Wannan littafin shi zai kare ki ranar da wani yazo da faɗa, kuma shi zai nuna miki cewa wance wannan karo na huɗu kenan a wata ɗaya tana zazzaɓi.

In jiki yayi zafi ki cire masa suwaita, ki kai shi inuwa ko ofis ya kwanta kan tabarma, ki bashi ruwa, ki goga masa tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi ba mai ƙanƙara ba. Ma'aunin zafin jiki ba tsada gare shi ba, in ya nuna 38 ko sama to zazzaɓi ne, ki kira gida. Dan Allah kar a tura yaro marar lafiya gida shi kaɗai, ko a haɗa shi da ɗan uwansa ɗan shekara bakwai ace raka shi, yaro na iya faɗuwa a hanya ko a bakin titi. In iyaye sun zo ki ce musu a je a yi gwajin maleriya tukuna, wanda ake tsaga yatsa ɗin nan, baya wuce minti 20, in ita ce a sha maganin kwana ukun har ƙarshe ba a daina ranar da yaro ya ce ya warke ba. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duk duniya a Najeriya suke, kuma maganin rigakafin da ake bi gida gida ana rabawa da damina na 'yan ƙasa da shekara biyar ne, yaranki na aji biyu basa ciki, shi yasa daga damina har zuwa kaka zaki ga benci ya cika da masu kifa kai.

Amma akwai inda ba a jiran iyaye. Yaro ya fara jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare baya iya sunkuyar da kai, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko baya gane mutane, ko numfashi na fita da ƙyar, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, to a tare adaidaita a tafi asibiti mafi kusa ana tafe ana kiran gida. Mu da muka ga sanƙarau na 1996 a Kano mun san yadda yaro ke wasa da safe kafin dare zance ya canza, kuma lokacinsa daga ƙarshen hunturu ne zuwa bazara. Haka mashaƙo da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, yaro na kukan maƙogwaro, wuya ya kumbura, in ya buɗe baki ki ga wani fari-fari mai toka ya manne can ciki, wannan ki ware shi daga sauran nan take kuma a sanar da asibiti don a bibiyi 'yan ajin.

Maganar kuɗin akwatin taimakon gaggawa kuwa kar ki ɗora wa albashinki. Ki kai wa hedimasta, shi ya kai wa kwamitin SBMC (na al'umma da ke kula da makaranta) da PTA (ƙungiyar iyaye da malamai). Auduga, filasta, bandeji, ayodin, safar hannu, sabulu, ORS (haɗin gishiri da sukari na gudawa), ba wani abu bane in an haɗa hannu. Tun 2006 ma'aikatar ilimi ta tarayya ke da tsarin kula da lafiya a makarantu a rubuce, a takarda dai yana nan, mu ne zamu ringa tuna musu.

Daga wani uba a Zariya

*Hajiya barka da aiki. Ɗana yana aji uku kuma sikila ne. Malaminsu ya hana shi fita fitsari wai yayi yawa, rannan har yayi a wando yara suka yi ta mishi dariya, kuma in yayi fashi saboda ciwo sai a doke shi ranar da ya dawo. Yanzu da safe sai yayi ta kuka baya son zuwa. Ina tunanin in cire shi kawai.*

Malam kar ka cire shi. Zuciyata ta sosu da wannan saƙo wallahi, amma inaga malamin nan rashin sani ne ke damunsa. Ƙodar mai sikila bata riƙe ruwa kamar ta sauran yara, dole yayi ta fitsari, kuma dole yayi ta shan ruwa don ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Wanda ya hana shi fita ya hana shi sha kenan, don yaro zai daina shan ruwa saboda tsoron kunya, daga nan sai gadon asibiti.

Ka je asibitin da yake ganin likita, ko asibitin koyarwa na Shika ne ko wani, ka roƙi a rubuto maka takarda gajeriya mai hatimi. Ka ɗauke ta ka je wajen hedimasta da kanka, ba aike ba, ka ce a kira malamin ku zauna ku uku cikin mutunci. Ka nemi a bar shi da gorar ruwa kan benci, ya fita bayi ba tare da neman izini ba, a bar shi da rigar sanyi da safa da hunturu ko da ba kalar yunifom bace, kar a sa shi durƙuso a rana ko tsallen kwaɗo ko shara cikin ƙura da sassafe, wasa kuma yayi amma in ya ce ya gaji ya zauna. In ciwo ya taso a makaranta ruwa da ɗumi ake so, kar a ɗora masa ƙanƙara ko tsumma mai sanyi, a kira ka. Zazzaɓi ga mai sikila ba abin jira bane, haka ciwon ƙirji, haka in baki ya karkace ko hannu ko ƙafa ta saki ko magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce kuma tana samun yara ƙanana masu sikila, gudu ake yi asibiti.

An ƙiyasta duk shekara ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila a ƙasar nan, ba ƙasar da ta kai mu, to kaga da wuya a samu makarantar da ba su. Malamai dan Allah ku ja kunnen yara kan tsokana, idonsa da yayi rawaya ba abin ɗauka bane. Kai kuma malam ka samu wani ɗan ajinsu na kusa da gida da zai ringa kawo masa littafi ya kwafa in yana kwance, don komawa aji a tarar an wuce ka shi ma wani ciwon ne.

Daga wani malami a Katsina

*Hajiya ina gaisuwa. Akwai wani yaro a ajina, aji huɗu, ya gagari kowa. Dukan yara, ƙwace musu abinci, surutu, wani lokaci kuma barci. Na yi bulala har na gaji, na sa shi kamun kunne, na kira babanshi ya zo ya zane shi a gabana, washegari ya koma ruwa. Ni dai na fara tunanin ko iska ke damunshi.*

Malam tun da ka ce ka yi bulala har ka gaji, to ai ka ba kanka amsa, bulalar bata aiki a kansa, ƙara ta kuma ba abin da zai ƙara sai taurin kai. Ni abin da nake so ka yi sati ɗaya ka ajiye ta ka sa ido, ka ringa rubuta lokacin da fitinar ke farawa. Da safe ne kafin tara? Bayan tara? A darasi kaza? Kusa da wane?

Na taɓa samun irinsa. Duk ranar da aka ce za a yi karatu layi-layi, ina kallo tun saura mutum uku a zo kansa zai fara motsi, sai ya mintsini na kusa da shi ko ya jefa takalmin wani ta taga, a yi ihu, a kore shi waje, ya fita yana murmushi. Ashe yaro yana aji huɗu ko "ba bi bu" baya iya haɗawa, ya gwammace a doke shi a ce masa fitinanne da a yi masa dariya a ce masa daƙiƙi. Minti sha biyar lokacin tara, ni da shi a ofis ba wanda ke gani, muka koma kan baƙi da wasali, kafin ƙarshen zango ya daina jifa da takalmi. Ka gwada yaronka a keɓe, ka bashi littafin Hausa na aji ɗaya, irin na shirin koyar da karatu na RANA da aka raba a makarantun Katsina da Zamfara in akwai a ofishinku, ka ga inda ya tsaya.

Ka kuma duba jikinsa. Ka tsayar da shi bayan aji ka rubuta baƙaƙe a allo ya rufe ido ɗaya ya karanto, yara da yawa da ake cewa basa kwafar aiki allon ne basa gani. Ka kira sunansa a hankali ta bayansa, ka leƙa kunnen ko yana zubar da ruwa, wanda baya ji sosai dole ya zama "mai kunnen ƙashi" a idon malami. Ƙwace abinci da barci kuwa ni yunwa suka fara nuna min. Ka tambaye shi cikin hira me ya karya da shi yau, ƙarfe nawa ya kwanta, yana talla ne da dare, yana ɗebo ruwa kafin ya zo? Ciyarwar gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 dama aji ɗaya zuwa uku ce, kuma tana tafiya tana tsayawa, shi ɗan aji huɗu ko tana yi baya ciki. Tsutsar ciki ma na shanye jinin yaro ya zama kullum a gajiye, in ana rabon maganinta a makaranta ka tabbata ya sha. In kuma garinku akwai dam ko rafi da yara ke wanka, ka tambaye shi ko yana ganin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya kenan, yara maza na ɓoyewa wasu ma gani suke alamar girma ce, alhali tana da magani kuma a kan raba shi kyauta a makarantu, a ci abinci dai kafin a sha.

Sai gida. Uban da ya zane shi a gabanka Allah kaɗai ya san me ake masa in ba kowa. Yaron da ake duka kullum duka ya iya, shi zai kawo aji ya sauke kan wanda bai kai shi ƙarfi ba. Ka bincika a hankali, uwarsa na gidan ko an rabu, a hannun wa yake. In zaka sake kiran uban ka fara masa da abin kirki ɗaya da yaron yayi, ka roƙe shi ya bar maka hukuncin makaranta a hannunka.

Ba cewa nayi a bar shi yana dukan 'ya'yan mutane ba, sam. In ya doki wani ka raba, ka bari ya huce, ka kira shi gefe ku yi magana ba a gaban aji ba, ya ba da haƙuri, in abu ya ƙwace ya biya ko ya mayar, ya rasa wasan ranar. Kullum hukunci iri ɗaya, ba yau ka ƙyale gobe ka fashe ba. Ka dawo da shi bencin gaba kusa da kai, ka bashi aiki, goge allo, raba littattafai, kulle taga, irin yaran nan masu ƙarfi a jika in ka basu amana sai ka sha mamaki. Ranar da ya wuni bai taɓa kowa ba ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce ko "uf" bai taɓa ce masa ba, mu da muke karantar da wannan a darasin addini ya kamata a ga alamarsa a hannunmu.

Abu biyu nake roƙon duk malamin da ke karanta wannan. Kar a mari yaro a kunne ko a doke shi a ka, mari ɗaya na iya fasa dodon kunne. Kuma a daina miƙa wa monita bulala a tafi ofis hira, yaro ɗan shekara goma ba shi da hankalin hukunta ɗan uwansa, ramuwar gayya kawai zai yi.

In ka yi duk wannan zango guda ba canji, yaro baya iya zama ko na minti biyar a gida da makaranta da Islamiyya duka, to a kai shi likitan yara ya duba, akwai larurar da ke sa haka kuma ana taimaka musu.

Daga wata uwa a Bauchi

*Anti Hajiya 'yata mai shekara tara ta faɗi a asambuli, farfaɗiya. Yara suka watse har da malamai, ba wanda ya taɓa ta sai mai gadi. Yanzu shugaban makaranta yace in ajiye ta gida wai iyaye na ƙorafi kar 'ya'yansu su ɗauka.*

Ƙanwata Allah ya bata lafiya, Allah kuma ya saka wa mai gadin nan da alheri. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba ta miyau ba, ba ta taɓawa ba, ba ta cin abinci kwano ɗaya ba. Larura ce ta ƙwaƙwalwa, wani daga wahalar haihuwa, wani bayan sanƙarau ko maleriyar da ta hau ka, wani daga buguwa a ka, wani kuma ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai suna sha. To ki kai ta asibitin koyarwa na nan Bauchi ko babban asibiti mafi kusa a ɗora ta kan magani, kuma kar a tsayar da shi rana ɗaya don an ga sauƙi, yanke shi farat ɗaya na dawo da faɗuwar fiye da da. Addu'a da tofi a yi, ba wanda ya hana, amma tare da magani.

Malamai ga abin yi in yaro ya faɗi. A janye benci da duwatsu, a ninke hijabi ko riga a sa masa ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. Kar a danne shi, kar a cusa cokali ko yatsa a baki, haƙori ake karyawa kuma ba wanda ke haɗiye harshensa, kar a ɗura ruwa ko manja, kar a yi masa hayaƙi. In jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe don miyau ya fita, a rufa wa yarinya jikinta, a kori 'yan kallo, wani ya zauna da ita har ta dawo hayyacinta ta yi barcinta. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa kafin yarinyar ta farfaɗo, ko ta ji rauni, sai asibiti. Akwai ma wata iri da yaro baya faɗuwa, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu kamar baya nan, ya dawo, sau da yawa a rana, a yi ta dukansa wai baya maida hankali.

Shi kuma shugaban makaranta ba shi da hurumin korar ta. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ga kowane yaro. Ki je da takardar likita da mahaifinta ko wani babba, in ya ƙi ku wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ki roƙi a gayyato ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa yayi bayani a taron PTA, don tsoron iyayen nan jahilci ne kuma bayani na kashe shi. A dai kiyaye ta da bakin rijiya da wuta da hawa bishiya.

Daga mai makarantar kuɗi a Kaduna

*Hajiya kwana nawa ya kamata yaro ya zauna gida in ya kamu da ciwon da ake ɗauka? Iyaye na dawo da su da wuri saboda sun biya kuɗi.*

Ƙyanda aƙalla kwana 4 bayan fitowar ƙuraje, kuma a sanar da asibiti. Ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, kusan sati. Hangum kwana 5 daga fara kumburi. Amai da gudawa sai an kwana biyu da tsayawa, a kuma yi ta ba da ORS. Mashaƙo da tarin fuka sai abin da likita ya ce. Maleriya ba a ɗauka daga mutum, in zafi ya sauka ya wuni ya kwana lafiya ya dawo. Apolo ya zauna muddin ido na zubar da kwantsa, kuma ku gaya wa iyaye kar a ɗiga fitsari ko ruwan sukari ko nono a ido. Makero ba sai an zauna gida ba in an fara magani, amma na kai sai da na sha, man birki da ake shafawa ƙona fata kawai yake, a daina haɗa aska da hula. Ƙazwa duk gidan ake yi wa magani lokaci ɗaya. Ka buga wannan a takarda ka raba ranar biyan kuɗin makaranta, kuma ka ajiye ruwa da sabulu a bakin bayi.

Daga wata malama, Kano

*Hajiya akwai yarinya a ajina, aji biyar, da ita ce mai ɗaga hannu kullum. Wata biyu kenan ta yi shiru, bata wasa, ta rame, in an tashi bata son tafiya gida, rannan ta yi fitsari a zaune. Na tambaye ta a aji tace ba komai.*

'Yata na ji daɗi da kika lura, da yawa mai surutu kawai muke gani, mai shiru kuwa sai mu ce ta yi hankali. A gaban aji ba zata taɓa faɗa miki komai ba. Ki ce ta taya ki kai littattafai ofis, ki zauna kusa da ita ba tsaye a kanta ba, ki ce na ga kin canza kuma na damu, duk ranar da kike son magana ina nan. Ƙila ranar farko ba zata ce uffan ba, ki sake gobe, kar ki matsa.

Dalilan na da yawa. Rasuwa a gida, rabuwar iyaye, sabuwar matar uba, wasu yara da ke tare ta a hanya, ciwon mara ko na fitsari, ko ta fara al'ada ba wanda ya yi mata bayani ta ɗauka wani mugun ciwo ne. Amma ƙin komawa gida da fitsarin nan dole su sa ki tunanin ko wani na taɓa ta, a gida ko wajen talla ko a hanya, ko ma a cikin makarantar. In ta buɗe baki ki saurara kawai, kar ki yi salati da ƙarfi ki firgita ta, kar ki ce me ya kai ki, kar ki sa mata suna a baki ki ce wane ne ko? Ki ce mata na yarda da ke kuma ba laifinki bane. Kar ki yi mata alƙawarin ba wanda zai ji, ki ce sai wanda zai taimaka kaɗai zan gaya wa. Daga baya ki rubuta maganarta yadda ta faɗa da kwanan wata, ki adana inda ba mai gani, banda ɗakin malamai, banda guruf ɗin WhatsApp.

Ki sanar da shugaban makaranta in ba shi ake zargi ba, a nemi wanda yarinyar ta amince da shi a danginta, uwa ko gwaggo ko kaka, kar a fara kiran wanda ta ambata. In abin ya faru kwanan nan lokaci na da muhimmanci, maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. A nan Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da aka buɗe don irin wannan, suna dubawa suna ba da shawara cikin sirri, akwai kuma ma'aikatar mata da 'yan sanda. Za a zo miki da maganar a rufa asiri a sasanta a gida, ki tsaya kan cewa sai likita ya ganta kuma sai an raba ta da wurin.

In kuma ya zamana ba wannan bane, rashi ne ko rikicin gida, to ki rage mata nauyi na ɗan lokaci, kar a doke ta kan aikin gida, ki zaunar da ita kusa da ƙawar da ta fi so, ki ajiye zani da wando da audugar mata a ofis ki gaya mata a kunne inda suke. Ki sa a kai ta a gwada fitsarin ko ma mene ne dalilin, kuma ki sake rubuto min bayan sati biyu in ji yadda ake ciki.